Ciwon agara bayan wata takwas da fara gudu: in haƙura ne ko in ci gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 39. Wata takwas ke nan da na fara gudu don rage ƙiba. Da farko ko kilomita 2 ba na iya yi sai haki ya tsayar da ni, yanzu kuwa nakan yi kilomita 40 a mako, har na yi rajistar tseren kilomita 21 da za a yi nan da mako 10. To yau mako 5 ke nan agarar ƙafata ta dama take ciwo. Ya fi tsanani da safe in na sauko daga gado. In na fara gudu yakan lafa, in na gama ya dawo. Na huta mako 2 cur, ya tafi, ina komawa gudu ya dawo. Gaskiya na karaya. Shin in haƙura da gudun ne gaba ɗaya? In kuma zan ci gaba, ta yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Ba sai ka haƙura da gudu ba. Wannan ciwo yana cikin waɗanda muka fi gani a wurin masu gudun nishaɗi, musamman maza da suka haura shekara 35, kuma akasarinsu suna komawa gudunsu ba tare da tiyata ba. Abin da zan so ka haƙura da shi shi ne tseren nan da ke tafe, zan kuma kawo maka lissafin a gaba.

Tunda ban taɓa ƙafar da hannuna ba, bari mu fara kawar da abubuwan da ba a jira da su. Idan ciwon farat ɗaya ya zo, ka ji kamar an kai maka shuri a bayan ƙafa, ka waiga ba kowa, sannan ka kasa tsayawa a kan yatsun wannan ƙafar, to ana zargin agarar ta tsinke, a ranar ake zuwa asibiti. Idan sharaɓarka ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo ko a zaune kake, zai iya zama gudan jini a jijiyar jini, shi ma ba na jira ba ne. Idan kuma a kan ƙashi ciwon yake, wuri guda da za ka iya nunawa da ɗan yatsa, yana ƙaruwa in ka yi tsalle da ƙafa ɗaya, har da daddare yana damunka, sai a binciki tsagewar ƙashi. Bayaninka bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Taurin safe, da ciwon da ke lafawa in jiki ya ɗumama, da dawowarsa da zarar an koma gudu bayan hutu, duk alamun agarar da aka ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinta ne.

Sassan jiki ba tare suke sabawa da gudu ba. Zuciya da huhu suna da saurin koyo, cikin 'yan makonni sai ka ga hakin da ke tsayar da kai ya ragu. Tsoka ma ba ta da nawa. Agara da ƙashi kuwa da watanni ake lissafinsu. Wani bincike da Katja Heinemeier da abokan aikinta suka yi a Kofenhagen, aka wallafa a 2013, ya nuna girman wannan jinkiri. Sun yi amfani da sinadarin kabon-14 da gwaje-gwajen makaman nukiliya suka watsa a iska tsakanin 1955 da 1963, wanda ya shiga jikin duk wanda ya rayu a lokacin, suka auna shekarun naman agara da shi. Sai suka tarar tsakiyar agarar baligi kusan ita ce wadda ya gina kafin ya kai shekara 17, ba ta sabuntuwa sai ɗan kaɗan, alhali tsoka kullum cikin sabuntuwa take. Ga shi kuma wannan jijiyar ce ke ɗaukar ninki shida zuwa takwas na nauyin jikinka a kowane taku na gudu. Kilomita ɗaya ya kai taku dubu ko kusa da haka, ke nan a kilomita 40 kowace ƙafa tana dira kusan sau 20,000 a mako. Numfashinka ya ba ka izinin wannan nisa, agararka ba ta riga ta bayar ba. Ina kuma kyautata zaton in ka waiwayi makonni uku ko huɗu kafin ciwon, za ka tarar ka ƙara wani abu: hawan tudu, gudun sauri, sabon takalmi, ko tsawaita gudun ƙarshen mako bayan ka yi rajista. Da wuya a rasa.

Hutun da ka yi ya yi iyakar abin da hutu zai iya. Yana kwantar da ciwo, amma ba ya ƙara wa agara ƙarfi, hasali ma tsokar sharaɓa raguwa take yi in an bar ta zaune. Sai mutum ya koma da ƙafar da ta ƙara rauni, ya ɗora mata aikin da tun farko ya gagare ta. Wasu sukan shekara suna wannan zagaye har su yanke cewa jikinsu ne bai dace da gudu ba. Da can an ɗauka kumburi ne a cikin jijiyar, shi ya sa ake ta ba da maganin kumburi da umarnin kwanciya. Da aka duba naman agarar masu daɗaɗɗen ciwo da madubin likita, sai aka ga zaren kolajin, wato zaren da aka gina agara da shi, ne ya hargitse, ya rasa jeruwar da ke ba shi ƙarfi. Abin da ke mayar wa agara da ƙarfinta shi ne nauyi, wanda aka auna, ake ƙara shi kaɗan-kaɗan.

Wanda ya fito da wannan fili shi ne Håkan Alfredson, likitan ƙashi a Jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin. A 1998 ya wallafa sakamakon masu gudun nishaɗi 15 da suka daɗe da ciwon agara, magungunan da aka saba ba su yi musu amfani ba. Ya sa su tsaya a bakin matakala da gaban ƙafa, su ɗaga da lafiyayyar ƙafar, su sauke diddigen mai ciwon a hankali har ya wuce matakalar. Sau 15, zagaye uku da gwiwa a miƙe, zagaye uku da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, kullum, har mako 12. Sau 180 ke nan a rana. Duk su 15 suka koma gudu yadda suke yi kafin ciwon. Mutum 15 ba yawa gare su ba, kuma binciken da suka biyo baya ba su sami nasara ɗari bisa ɗari irin tasa ba, amma tushen maganar ya tabbata.

Ni dai ba na ɗora wa mai aiki da iyali sau 180 a rana, don na san a mako na uku zai watsar. A 2015 Rikke Beyer da abokan aikinta a Denmak sun gwada tsarin Alfredson da wani daban, wato ɗaga nauyi mai yawa a hankali sau uku kacal a mako. Sakamakon ya zo ɗaya, kuma masu sau uku a mako sun fi riƙe atisayen har ƙarshe.

Ga yadda nakan tsara wa irinka. Mako biyun farko ka tsaya a daɓe, ka dafa bango, ka ɗaga da ƙafa biyu zuwa kan yatsu, daƙiƙa uku hawa, daƙiƙa uku sauka, sau 15 zagaye uku, kullum. In wannan ya zama wasa ka koma ƙafa ɗaya, daga nan bakin matakala, daga nan sai nauyi: jakar goyo da littattafai a ciki, ko ƙarfen ɗagawa in kana zuwa wurin motsa jiki. Da nauyi ya shigo sai ka koma yau aiki gobe hutu, kana ƙara nauyin kana rage yawan ɗagawar, daga 15 zuwa 12, zuwa 10, zuwa 8, yadda biyun ƙarshe za su riƙa ba ka wuya da gaske. Nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Sukan yi wata uku suna ɗaga jikinsu kawai, sannan su ce atisayen bai yi aiki ba. Jijiyar da ake so ta ɗauki ninki shida na nauyinka ba za ta ƙoshi da ɗagen da kake yi kana duba waya ba. Kada kuma ka bar na lanƙwasasshiyar gwiwa, ko na zaune da nauyi a kan cinya, domin tsokar da ke can ƙarƙashin sharaɓa, wadda likitoci ke kira soliyas, tana cikin waɗanda suka fi ɗaukar aiki a gudun dogon zango.

Abu ɗaya ka duba yau: ina ainihin ciwon yake? In ka matsa da yatsu biyu ka ji shi sama da ƙashin diddige da kamar santimita 2 zuwa 6, wani lokaci har da ɗan kauri a wurin, na tsakiyar agara ne, duk abin da na faɗa ya shafe shi. In kuwa daidai inda jijiyar ta manne da ƙashin diddige yake, kada ka sauke diddige ƙasa da matakala, kada kuma ka riƙa miƙar da sharaɓa a jikin bango, don hakan matse jijiyar yake yi a kan ƙashi. A daɓe za ka tsaya, kuma ɗan abin ɗaga diddige a cikin takalmi yakan taimaka. Wannan nau'in ya fi taurin kai.

Sai abin da na san shi ne a ranka: a yi gudu ko kada a yi? Karin Silbernagel ta gwada wannan a Suwidin, aka wallafa a 2007. Ta raba masu ciwon agara 38 gida biyu, duka suna atisayen ƙarfafa jijiya. Rukuni ɗaya an hana su gudu da tsalle na mako shida, ɗayan an bar su su ci gaba bisa sharaɗi. Duka biyun suka samu sauƙi daidai da juna, gudun bai ja wa na biyun baya ba. Sharaɗin ne abin riƙewa. Ka auna ciwon daga 0 zuwa 10, inda 10 shi ne mafi tsanani. Yana iya kaiwa 5 lokacin gudu, amma dole ya lafa kafin wayewar gari, kuma kada ciwon ko taurin safe ya riƙa ƙaruwa daga mako zuwa mako. Ni nakan ce wa masu gudun nishaɗi su tsaya a 3, saboda na lura mai son gudu in ya ce 5, to 7 yake ji.

Takun farko na safe shi ne alƙalinka. Agara in ta ɗumama takan yi shiru a kan hanya, sai washegari ta kawo ƙara. Don haka kowace safiya ka rubuta lambar ciwon da minti nawa taurin ya yi kafin ya sake ka. In ya yi daidai da na jiya ko ya sauko, abin da ka yi jiya ya karɓu. In ya hau, ka rage gudun gaba da kashi ɗaya cikin uku, ka zauna a nan har ya daidaita.

A halin da kake ciki, ka ajiye gudu na kwana 10 zuwa mako 2 yayin da kake fara atisayen, don ciwon ya sauko inda za a iya auna shi. Ka koma in kana iya tafiyar minti 30 da sauri ba ɗingishi, kana iya ɗagawa da ƙafa ɗaya sau 20, kuma in ka yi 'yan tsalle-tsalle a kanta ciwon bai wuce 2 ko 3 ba. Ranar farko minti ɗaya sassarfa, minti biyu tafiya, har minti 20, a shimfiɗaɗɗen wuri. Na san wanda ya saba da kilomita 15 zai ji wannan kamar raini. Haɗa gudu da tafiya ba abin kunya ba ne. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, ya yi shekaru yana koyar da shi, kuma mutane da yawa sun gama cikakken gudun fanfalaki, kilomita 42.195, da wannan salo. Tsakanin gudu da gudu ka bar kwana ɗaya ko biyu. Lokaci za ka fara tsawaitawa. Sauri sai ka kai minti 30 zuwa 40 a jere safiya ba ta yi ƙorafi ba. Tudu ne na ƙarshe, don shi ya fi jan agara. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, in ba haka ba ranar da ciwon ya motsa ba za ka san wanne ya tsokano shi ba.

Yanzu ka yi lissafin da kanka. Mako biyu ba gudu, mako huɗu zuwa shida kafin ka kai minti 40 a jere, mun cinye mako shida zuwa takwas ke nan in komai ya tafi daidai. Saura mako biyu zuwa huɗu, kuma ba a gina kilomita 21 a ɗan wannan lokaci. In masu shirya tseren suna da zangon kilomita 5, za ka iya komawa can, ka yi shi a hankali. Na 21 ɗin ka nemi wani da ke gaba da wata biyar ko shida.

Batun magani. Kada ka yarda a yi maka allurar sitiroyid a cikin agarar. Takan kashe ciwo na 'yan makonni, amma tana raunana jijiya, akwai haɗarin tsinkewa. In wata rashin lafiya ta sa za a rubuta maka sifrofuloksasin, wanda aka fi sani da Cipro, ko danginsa, ka gaya wa likitan kana da ciwon agara. Tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa wa wannan rukuni gargaɗi mafi tsanani saboda ciwo da tsinkewar jijiya, kuma agara ce aka fi samu. In ma ka sha shi a watannin da suka gabaci ciwon, likitanka ya kamata ya sani. Shan maganin kashe ciwo irin su ibufurofen ko dikulofinak kafin fita gudu kuwa ɓoye maka ma'aunin da kake dogara da shi zai yi, ga wahalar da ƙoda in jiki ya rasa ruwa. Ƙanƙara tana rage raɗaɗi, in tana maka daɗi ka sa, amma ba ita ke warkarwa ba. Gabe Mirkin, likitan da ya yaɗa shawarar hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa. Takalmi kuwa, kada ka sayi sabo da fatan shi ne magani. In naka ba shi da tudun diddige sosai, komawa mai ɗan tudu na ɗan lokaci yana rage wa agara ja, iyakarta ke nan.

Wahalar wata takwas ba za ta tafi a banza ba. A wani bincike na 1984, Edward Coyle da abokan aikinsa sun bibiyi ƙwararrun 'yan wasa da suka daina atisaye ɗungurungum. Ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya ragu da kashi 7 cikin ɗari a mako uku na farko, ya kai kashi 16 bayan mako takwas. Su atisayen suka ajiye gaba ɗaya, kai kuwa kana da keke da iyo, kuma agara ba ta cika damuwa da su ba, musamman in ka ɗora tsakiyar tafin ƙafa a kan feda. Minti 40 sau uku a mako zai riƙe maka mafi yawan abin da ka tara.

Karayar da kake ji ba ƙaramin abu ba ce, ba kuma ragwanci ba ne. Mutumin da ya kai kilomita 40 a mako himma ba ta gaza masa ba, yawanta ma ne ya kawo shi nan. Abin da rauni ke ƙwacewa shi ne tsarin rana, da abokan fita, da ganin lamba tana hawa, kuma duka ukun ana iya riƙe su ba tare da gudu ba. Lokacin da ka saba fita, a shi za ka riƙa yin atisayen sharaɓa da keke, kada ka bar wani abu ya cinye shi, don lokacin da aka saki da wuya ya dawo. Ka riƙa rubuta nauyin da kake ɗagawa yadda kake rubuta kilomita, kilo 5 wannan makon, kilo 8 na gaba. Manhajar da ke nuna maka gudun abokanka kullum, in tana ɓata maka rai, ka rufe ta na ɗan lokaci, amma su abokan kada ka guje su. Paul Sinton-Hewitt yana fama da rauni ne, ba ya iya gudu, lokacin da ya tara mutum 13 a lambun Bushy da ke Landan a watan Oktoba na 2004, ya riƙe musu agogo suka yi kilomita 5. Daga nan parkrun ta samo asali, gudun kyauta na kowace Asabar da yanzu ake yi a ƙasashe sama da 20. Ranar tseren naka ka je, ko ruwa ne ka miƙa wa masu gudu.

In ka warke, sai kuma a hana shi dawowa, don wanda ya taɓa jin rauni ya fi kowa haɗarin sake ji. Za ka ji ana cewa kada a ƙara nisa fiye da kashi 10 cikin ɗari a mako. Ba mummunar shawara ba ce, amma ba aya ba ce. A Groningen ta ƙasar Holan an raba sabbin masu gudu 532 gida biyu, aka wallafa a 2008: masu bin ƙa'idar kashi 10 na mako 13, da masu tsarin mako 8 da ya fi gaggawa. Raunin ya zo kusan ɗaya, kashi 21 da kashi 20. Binciken Rasmus Nielsen a Denmak a 2014 kuma ya nuna alamar cewa masu ƙara sama da kashi 30 sun fi kamuwa da raunukan da yawan nisa ke jawowa. Ni abin da na ɗauka shi ne babban tsalle ne ke kayar da mutum, kuma kowane mako na huɗu yana da kyau a rage nisa jiki ya cimma aikin.

Abin da ya fi damuna da masu gudun nishaɗi shi ne saurin da suke yi a ranakun da ya kamata su tafi a hankali. Stephen Seiler, masanin kimiyyar wasanni a Jami'ar Agder ta ƙasar Norwe, ya bibiyi yadda zakarun wasannin juriya ke atisaye, ya ga kusan kashi 80 cikin ɗari a hankali suke yi, kashi 20 ne kawai mai tsanani. Mu kuwa kullum muna tsaka-tsaki, saurin ya isa ya gajiyar da jijiya, bai isa ya ƙara mana komai ba. Gwajin mai sauƙi ne: in ba za ka iya ba abokin gudunka labari da cikakkun jimloli ba, ka yi sauri. Atisayen sharaɓa kuma kada ka ajiye shi don ciwo ya tafi, sau biyu a mako ya zama naka na dindindin. Wani nazari na 2014 da Jeppe Lauersen ya jagoranta, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 25 da mutum sama da 26,000, ya nuna ƙarfafa tsoka ya rage raunin wasanni zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, miƙar da jiki kuwa bai nuna wata kariya ba. Yawancin gwaje-gwajen ba a kan masu gudun dogon zango aka yi su ba, amma abin da muke gani a ɗakin gashin ƙashi bai saɓa da hakan ba. Tunda kuma don rage ƙiba ka fara, kada ka haɗa ƙara gudu da tsananin rage abinci da ƙarancin barci, jijiya da ƙashi su ke biyan bashin.

Irin wannan ciwo yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya saki mutum sarai, wani lokaci har shekara, kuma za a sami makon da zai motsa ba tare da ka ga dalili ba. Wannan ba ya nufin ka koma farko. Amma in ka yi mako 12 kana atisayen da nauyi na gaskiya ba ka ga canji ba, ko ɗaya ƙafar ma ta fara, ko kana tashi da taurin baya da ciwon wasu gaɓoɓi, ka je wurin likitan gashin ƙashi ko likitan wasanni a duba ka da hannu. A auna maka sukari da kitsen jini, don duka biyun suna da alaƙa da ciwon jijiya. Ka tafi da takardar lambobin safiyarka da takalmin da kake gudu da shi.